RA'AYINMU: A Gayyato Mawaƙan Bauchi

A shekarar 2012 ƙungiyar mawaƙa ta Lagos City Chorale ta tashi daga Ikko zuwa birnin Cincinnati na Amurka, inda aka yi gasar ƙungiyoyin mawaƙa ta duniya. Madalla da su. To, ina namu na Arewa?

Duk wanda ya san unguwar Yalwa a birnin Bauchi ya san matan Zumunta. Cikinsu akwai manoma, da 'yan kasuwa, da malaman makaranta. Da yamma sukan taru a coci, su buga tulu, su kaɗa caki, su rera waƙoƙin da suka tsara da Hausa, ba mai biyansu ko kwabo. Murya dai Allah Ya ba su. Abin da suka rasa shi ne kuɗin mota da mai gayyata.

Kada mu zauna jiran Gwamnati. Ƙungiyoyinmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun su yi karo-karo, su kama zaure, su gayyato su. Wanda ba a ji shi a Ikko ba, wa zai kira shi London? 'Ya'yanmu haifaffun Kurmi, waɗanda Hausa ke kuɓuce musu, su ma sa amfana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.