Ɓera Ba Ya Cewa "Zugi"

Masana harhaɗa magunguna, ciki har da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, suna da hanyoyin tambayar ɓera ko magani ya rage masa ciwo. Akan ɗora shi bisa faranti mai zafi a ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya lashi ƙafa, ko a ɗaure masa jijiyar cinya a ga yadda zai zabura in an taɓa shi. Da irin waɗannan gwaje-gwaje aka nuna cewa wasu magungunan ciwon damuwa, irin su amitriptyline, suna rage ciwo ta ƙarfafa sinadaran da ke daƙile saƙonsa a cikin laka.

Sai dai ba kowane ciwo suke magancewa ba. Ƙarfinsu yana ga ciwon da lalacewar jijiya ke haifarwa, kamar na ƙafar mai ciwon sukari. A nan aikin ɓera ya ƙare, namu ya fara, domin likita yakan fara gane irin wannan ciwo ne daga bakin majiyyaci.

A ɗauki manomi daga Kusa, can bakin iyakar Jibiya, ya je asibiti. Zai ce ƙafarsa tana zugi, ko raɗaɗi, ko suka, ko kuwa kamar kiyashi na tafiya a cikinta. Kai sara yake yi, ciki murɗa, jiki kwankwatsa. Wanne ne daga ciki yake nuni da lalacewar jijiya? Ita kanta kalmar "jijiya" ta haɗe ta jini da ta saƙo da agara. Idan duk aka dunƙule su a "ciwon jiki", manomin zai koma ga mai tallar Tramol, ƙwayar da ta riga ta yi ɓarna a yankin nan da Maraɗi. Idan kuma aka ba shi amitriptyline ba tare da gamsasshen bayani ba, da zarar wani ya raɗa masa cewa maganin masu taɓin hankali ne, ya watsar.

A 1975 Ronald Melzack na Jami'ar McGill ya gina ma'aunin ciwo kacokan a kan kalmomin da marasa lafiya ke furtawa. Fassara nasa ba za ta wadatar ba, don kowane harshe da yadda yake yanka ciwo. Ina ganin sassanmu na Hausa sun daɗe suna barin wannan fage ga likitoci, alhali tattara kalmomin daga bakin Katsinawa da Gobirawa da Kanawa, da tantance iyakar ma'anar kowace, aikin ɗalibin nazarin ma'ana ne, da rikoda a hannu, a layin ganin likita.