Wasiƙa a Buɗe ga Masu Bibiyar Taurarin Ɗan'adam a Damargu

Tauraron ɗan'adam mai kewaya duniya ƙasa-ƙasa ba ya dawwama a sama. Siririyar iskar da ta rage a can tana gogarsa dare da rana, yana saukowa kaɗan-kaɗan. Ko tashar ISS, mai tazarar kusan kilomita 400, sai an riƙa ɗaga ta da inji. Gwargwadon saukowarsa, gwargwadon ƙaruwar saurinsa, shi ya sa alamar farko ita ce ya riga lokacin da jadawali ya yanka masa. Saboda haka agogo ne babban makamin mai duba.

Lokacin gani shi ne tsakanin magariba da isha'i, sai kuma wajen asuba, sa'ad da ƙasa ke duhu amma rana na haska shi. Filayen Tanut da Belbeji sun dace, don babu fitilu da yawa, sai dai hazon hunturu kan haɗiye gefen sama. A fita bayan gari, a bar ido ya saba da duhu.

Jadawalin shafin intanet na Heavens-Above a sabunta shi a ranar, domin na shekaranjiya ya tsufa ga tauraron da ke gab da faɗuwa. Idan rana ta yi bore, iskar sama kan kumbura, ta ƙara gogar tauraron. Haka aka yi a Fabrairun 2022, inda taurarin Starlink 38 cikin 49 suka faɗo jim kaɗan bayan harba su.

Abin rubutawa: lokaci har daƙiƙa, mafitarsa da mafaɗarsa, da taurarin da ya gifta, misali Kaza da 'ya'yanta. Dunƙulen hannu a miƙe kusan digiri 10 ne, da shi ake auna tsayi. In yana ƙyaftawa, juyi yake, a ƙirga ƙyaftawar cikin minti guda.

Ranar faɗuwa kada a ɗauke shi tauraro mai zubowa, wanda ke ɓacewa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na ɗan'adam kuwa yakan ja jiki har kusan minti, yana tarwatsewa gutsi-gutsi a jere. Wani lokaci ɓaraguzai kan iso ƙasa, kamar na rokar Sin Long March 5B da suka faɗa ƙauyukan Kodebuwa a Mayun 2020. Wanda ya tsinci irinsu kada ya taɓa, don ragowar mansu na iya zama guba. Ya rubuta wurin, ya sanar da maigari da jandarma. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta bar mallakarsu ga ainihin masu su.