Ba Tarkace Ba Ne, Mu Ne Ba Mu Da Haƙuri

Yau ba ci gaban littafi na kawo muku ba, wani takaici ne ya hana ni barci.

Ƙanena makaɗin jita ne. Wata shida yana tara kuɗi, har ya sayi wani amfilifaya na gwanjo, irin mai kwalabe a ciki masu kama da ƙwan fitila. Kan kawai ya saya, wato akwatin da ake ɗorawa bisa lasifika, don shi ba ya magana shi kaɗai. Ranar da ya fara kunna shi ina wurin. Ya jira kamar minti ɗaya kwalaben suka yi ɗumi, sannan ya taɓa tsirkiya. Wallahi tsigar jikina ta tashi. In ya shafa a hankali muryar ta fito garau, in ya danna da ƙarfi sai ta yi wani gurnani mai daɗi. Ya ce mini, "Yaya, wannan ba ya rufa wa mutum asiri, duk kuskuren yatsana sai ya tona."

To, ya kai shi wani sutudiyo za su yi aiki. Yana fita salla, wani yaro ya kunna, ya yi ta bugawa ba tare da ya jona lasifika ba. Duk wanda ya san abin ya san ba a yin haka, domin ƙarfin da ya rasa mafita kan taransifoma yake komawa. Ta ƙone. Maimakon a ba shi haƙuri, sai mai wurin ya ce ai dama tarkacen Turawa ne, fiyano ɗaya da kwamfuta sun fi shi.

Wannan maganar ce ta ƙona mini rai. Jama'a, tarkace? A 1962 Jim Marshall ya fara ƙera irinsa a Landan, yana koyi da samfurin Bassman na kamfanin Fender, kuma da irin nasa Jimi Hendrix ya girgiza duniya. Tun 1947 aka ƙirƙiro taransista, ta kori kwalabe daga rediyo da talabijin, amma ta kasa korar su daga hannun makaɗan jita. Duk waɗannan mutanen ba su da kunne ne?

Ban ce ba shi da aibi ba. Yana da nauyi, yana zafi, kwalabensa na gajiya sai an canza, kuma wutar cikinsa kan wuce bolt 400, tana iya kisa. Masana'antun kwalaben ma 'yan kaɗan suka rage, har suka yi tsada a 2022 da yaƙin Rasha da Yukuren ya ɓarke. Na kuma yarda kwamfutar yau tana kwaikwayon muryarsa ƙwarai. Amma ku faɗa mini, me za ta kwaikwaya in babu na asalin?

Ciwonmu shi ne gaggawa. Mun saba da danna maɓalli kiɗa ya fito, shi ya sa waƙoƙinmu da yawa kamar uwa ɗaya ta haife su. Ku dubi Agadas, inda Bombino ya fito har ya je Amurka ya naɗi faifansa na 2013. Yatsunsa ne suka kai shi. Mu marubuta ma kada mu yi dariya, mun san masu haɗa littafi cikin sati biyu.

Wani dattijo mai gyaran rediyo, wanda ya koyi sana'a tun zamanin kwalabe, shi ya sake naɗa taransifomar. Sati uku ya ɗauka, ƙanena bai ce uffan ba. Shi kuwa mai sutudiyo, in yana karantawa, ina tuna masa cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ya biya yaron nan kuɗin gyaransa.

Allah ya sa mu gane. Sai mun haɗu a ci gaban littafi.