Bawku: matasa tsakanin Kusasi da Mamprusi

Rikicin sarautar Bawku ya shiga makarantu: a Yulin 2025 an kashe ɗalibai a sakandaren Bawku da ta Nalerigu, aka rufe makarantun. Yaro ɗan shekara 15, tun bai san me yake so ya zama ba, tambayar farko da ake masa ita ce, Kusasi ko Mamprusi? Ɗan zango mai Hausa a baki ba ya gadon sarautar, amma dokar hana fita ba ta ƙyale shi ba.

A Yendi, zangon ƙarshe na takaddamar gidajen Abudu da Andani ya ci shekara 17, daga kisan Ya Na Yakubu Andani a 2002 zuwa naɗin 2019. Jaririn 2002 a cikinta ya balaga. Ta Bawku kuwa tun 1957 ake fama.