RA'AYINMU: Talaka, Banki da Kuɗin Ruwa

 

A shekarar 2012 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da wani shiri na jawo jama'a cikin harkar banki, da niyyar kafin 2020 waɗanda ke waje su ragu zuwa kashi 20 cikin ɗari. Ba a cim ma wannan buri ba. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane har lokacin suna waje, kuma Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne suka fi yawansu. Wato 'yan'uwanmu ne ake magana a kansu.

Sau da yawa akan ce jahilci ne ya jawo haka. Mu ba mu yarda da wannan fassara gaba ɗayanta ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke riƙe da lissafin miliyoyi a ka ba jahilin kuɗi ba ne. Da yawa sun guji banki ne don tsoron Allah, saboda an gina shi a kan kuɗin ruwa, wanda Alƙur'ani ya haramta ƙarara a ƙarshen Suratul Baƙara. Wasu kuma nisa ne ya hana su, domin akwai ƙananan hukumomin da babu reshen banki ko ɗaya a cikinsu.

To amma mu ma da namu laifin. Tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, sannan TAJ a 2019 da Lotus a 2021, uzurin cewa babu bankin da ba ya mu'amala da ruwa ya yi rauni ƙwarai. Kuma mun ga abin da ya faru a farkon 2023 lokacin canjin takardun Naira: wanda ba shi da asusu shi ya fi jin jiki, manomi ya karyar da hatsinsa don ya samu tsabar kuɗi. Abin takaici, wasu da ke ƙyamar banki su ne suka zuba dukiyarsu a MMM har ya rufe asusun mutane a ƙarshen 2016, alhali haramcinsa ya fi fitowa fili.

Muna kira ga gwamnati, in da gaske take, ta sa kowane rancen noma da na sana'a ya kasance yana da ƙofar da babu ruwa, ta hanyar murabaha ko salam, a kuma bayyana sharuɗɗansa da Hausa. Rassanmu kuwa, su mayar da Kitabul Buyu'i cikin karatun tsakanin Magariba da Isha'i, a koya wa mata da matasa rubuta bashi kamar yadda aya ta 282 ta Baƙara ta yi umurni, da yadda za su tsare lambar sirrin katinsu daga 'yan damfara.