MU YI DA HANNUNMU: Ɗan jagoran ganin wata daga tsohon madubin hangen nesa

 Zancenmu na wanga karo na ganin jinjirin wata ne.

Kun san yadda abin yake nan Tibiri, da Dumega, da Kore Mairuwa, da Gesheme. Ran 29 ga Sha'aban kowa ya fito bakin gari da magariba, ido na yamma. Wani ya ce ga shi can bisa gawo, wani ya ce gajimare ne. Kafin a daidaita, wata ya faɗi. Jinjirin wata siriri ne, ba ya daɗewa a sama, ga hazo, ga tsofaffin da aka yarda da shaidarsu idonsu ya fara rauni. Babbar wahalar ita ce sanin wurin da za a sa ido.

Masana taurari ma suna da irin wannan wahala. Babban madubinsu yana kawo abu kusa ƙwarai, amma ɗan wuri kaɗan na sama yake nunawa, kamar mai leƙe ta kafar allura. Don haka suke ɗaura ƙaramin madubi a gefen babban, mai zare biyu a gicciye a ciki. Da ƙaramin ake nemo tauraro, a sa shi tsakiyar gicciyen, sannan a leƙa babban a tarar da shi. Ƙaramin nan muka raɗa wa suna ɗan jagora. Mu ba mu da babban madubi, amma ɗan jagora yana iya yi wa idonmu wannan aiki.

Wani ɗalibina, tsohon soja, ya kawo aji madubin hangen nesa mai ido biyu, wanda ake ce wa jimel. Ya taɓa faɗuwa ƙasa, ko me ka duba da shi biyu kake gani. Ya ce in yara ba su so, a yar. Na ce baba, da tsohuwar zuma ake magani. A jikinsa an rubuta 7x50. Muka karanta tare a allo: 7 na nufin yana kawo abu kusa sau 7, 50 kuwa faɗin gilashin gaba ne, milimita 50. Gilasan cikin ne suka goce, na gaba da na wajen ido lafiyarsu lau.

Ga yadda muka yi.

1. A kwance gilashin gaba ɗaya da gilashin ido ɗaya. Murɗawa ake yi a hankali, ba a bugawa. A goge su da tsumma mai laushi, kada yashi ya karce su.

2. A shiga ɗaki da rana, a riƙe gilashin gaba daidai ƙofa, a sa farar takarda bayansa. A matsa da ita gaba da baya har hoton itacen da ke nesa ya fito sarai bisa takardar. A auna tsakanin gilashi da takarda. Namu ya ba da kusan santimita 19. Nan ne mazaunin zare.

3. A sami tiyon ruwa na roba da ya ɗan ɗara gilashin faɗi, da wani ƙarami mai shiga cikinsa. A shafe cikinsu da tawadar allo don kada haske ya yi ta ƙyalli. Gilashin gaba a bakin babban, gilashin ido a bakin ƙaramin. Inda ya yi sako-sako a naɗa tsohuwar robar cikin tayar keke.

4. A yanka zobe na kwali, a manna masa gashin wutsiyar doki biyu a gicciye. A sa shi gaban gilashin ido, a yi ta matsa shi har gashin ya fito baƙi sarai. Nan na yi kuskure karo na farko: na manne zoben tun ban gwada ba, zaren ya fito dishi-dishi, sai da na sake.

5. A ɗaura wani tiyo siriri, wanda babu gilashi a cikinsa, a gefen ɗan jagora, su kwanta daidai bisa guntun katako. A kafa gwafa mai ƙarfi a ƙasa, a ɗora katakon, don hannu yana rawa.

6. Da rana a juya wa rana baya, a saita gicciyen bisa kan eriyar waya ko hasumiyar masallaci mai nisa. A leƙa tiyon banza. In ba a ga abin a tsakiya ba, a cusa guntun kwali ƙarƙashinsa har su yi daidai.

Kada ku tsorata in kun ga itace kansa ƙasa. Tunda mun cire gilasan ciki masu miƙe hoto, kome a kife yake fitowa. Amma tsakiya tana nan tsakiya, ita muke bukata.

Ran duban wata, a jira rana ta faɗi ƙurmus. A lura da inda ta faɗi, a miƙa hannu a dunƙule, a duba kamar dunƙule ɗaya sama da wurin, dama da hagu. Yaro mai ido ya nemo watan da ɗan jagora, ya sa shi tsakiyar zare. Sai liman da dattawa su leƙa tiyon banza da idonsu. A yi sauri, don wata yana gangarawa. Watan sama kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani 29, wani 30. Wanda bai kai awa 15 da haihuwa ba, ido ba ya ganinsa, kome kaifinsa. In ba ku gani ba, ku ce ba ku gani ba. Azumin jama'a ba abin wasa ba ne. In kun gani, ku kai wa liman da mai gari, su kai gaba. Ko ganin gilashi shi kaɗai ya isa shaida, wannan maganar malamai ce.

Yanzu ga gargaɗi, a karanta shi da ƙarfi a kowane aji. KADA KOWA YA DUBI RANA DA WANNAN ABU. Ranar da muke aiki, wani yaro ya ɗauki gilashin da ya rage ya tara hasken rana bisa tabarma. Nan take ta yi hayaƙi, ta huje. Abin da ya huda tabarma, ido fa? Makantar da rana ta jawo ba ta da magani. Ko lokacin husufi, irin wanda ya ratsa ƙasarmu ran 30 ga Yuni 1973 da ran 29 ga Maris 2006, haramun ne leƙa rana da shi. In an gama aiki, a rufe bakinsa, a ajiye inda yara ba su kaiwa.

Sauran darare kuma ba zai zauna banza ba. Ku dubi wata ɗan kwana 7, za ku ga ramuka a fuskarsa, ga shi kuwa nisansa kilomita 384.000. Ku dubi Kaza da Ƴaƴanta: ido yana ƙidaya 6 ko 7, da gilashi sun fi 30. Da ƙaramin madubin da ya haɗa da hannunsa wani Bature ɗan Italiya, Galileyo, ya gano a 1610 watanni 4 daga cikin watannin tauraron Mushtari.

Ajin da ya gwada, ya rubuto mana da hannunsa yadda abin ya kasance. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.