Bororon da Ba Wuta Ta Kawo Shi Ba

Sharhinmu na yau a kan wata cutar fata ne, da kuma mutumin da ke tare hanya tsakanin mai cutar da asibiti.

Ga mafi yawan mutane, a baki take farawa. Gyambo ya fito a dasashi ko cikin kumatu ya ƙi warkewa, har tuwo ya gagari mutum, sai kunu, shi ma sai ya huce. Bayan 'yan watanni bororo ya feso a ƙirji da baya da fatar kai, kamar an watsa wa mutum tafasasshen ruwa, alhali ko kusa da murhu bai je ba. Na ga wata baiwar Allah a cikin garin nan namu na Bauchi, sai an jiƙa mata zane da ruwan ɗumi kafin a iya ɓamɓare shi daga bayanta. An ware mata kwano, an hana jikokinta shiga ɗakinta. Wasu sun ce jifa ne, wasu sun ce kuturta.

Likitoci na kiran cutar femfigus. Ƙwayoyin fatarmu a manne suke da juna da wani danƙo na halitta mai suna desmogilin. Sojojin garkuwar jiki ne ke ruɗewa su afka wa danƙon, musamman iri na 1 da na 3, sai fata ta saki, ko gogar ta aka yi da yatsa sai ta saɓule. Tana da 'yar'uwa, femfigoyid, wadda ta fi kama tsofaffi da bororo mai tauri da ƙaiƙayi. Akwai kuma nau'in da aka fara bayyanawa a 1990, inda sojojin ke kai wa sinadaran fata da yawa hari lokaci guda, kuma yakan zo da ciwon daji a ɓoye. Duk cikinsu babu wadda ake ɗauka. Ku mayar wa iyayenku kwanonsu cikin na gida.

To wa ya cinye wa baiwar Allahn nan wata da watanni? Mai shagon magani da ya naɗa kansa likita. Shi ya leƙa bakinta ya ce zafi ne. Shi ya haɗa mata man shafawa kala uku a roba ɗaya. Shi ya ƙirgo mata ƙwayoyi a leda, babu suna, babu adadin kwana. Mai shagon nan bai taɓa jin sunan cutar ba, amma bai taɓa cewa "ban sani ba, ku tafi asibiti" ba.

Abin da ya fi ciwo, cikin ledar akwai sitiroyid, maganin da tun shekarun 1950 ya ceci masu femfigus, waɗanda kafin nan akasarinsu mutuwa suke yi. Amma magani ne mai kaifi biyu. In ba likita ke auna shi ba, yana jawo ciwon suga da hawan jini da lalacewar ƙashi, in kuma aka yanke shi farat ɗaya, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wannan sitiroyid ɗin dai shi mai shagon ke sayar wa 'yan matanmu, daga Yelwa har Fadaman Mada, a man bilicin da ƙwayar ƙiba. Fuska ta yi fari, fata ta yi sirara kamar takarda, jiki ya kumbura a ce an yi kyau. Iyaye, ku riƙa duba abin da ke kan madubin 'ya'yanku.

Fatar da ta saɓule ƙofa ce a buɗe. Ruwan jiki na tsiyayewa, ƙwayoyin cuta na shiga jini, kuma su ne ke kisa. Ido ba ya tantance wannan cuta, sai an yanki ɗan tsokar fata an duba a ɗakin gwaji. Don haka duk gyambon bakin da ya wuce mako biyu, duk bororon da ya fito ba ƙuna, a nufi Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa ko Asibitin Ƙwararru, a nemi a haɗa ku da likitan fata.

Kai kuma mai shago, ka ji tsoron Allah. Kuɗin leda ɗaya bai kai ran uwar wani ba. Hukumomin da ke ba da lasisi, ku zagaya shagunan nan ku ga abin da ake haɗawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.